Layin da Na Ja wa Malam Bitrus

Na ji ku jiya kuna cewa aikin layi ya fi kowane aiki sauƙi a shagon nan. Wai fari ne, a tsallake, a sake fari, wanda ya iya rubuta allon kanti har da inuwar haruffa ai wannan wasa ne a wurinsa. To, ku rufe gwangwanin nan ku zauna. Na fi shekara talatin ina jan layin tsallaka titi a Jimeta da Yola, wanda muke kira zebura, kuma shafa fentin shi ne ƙaramin abu a ciki.

Aikina na farko a gaban wata firamare ne a Bekaji. Lokacin na baro dukancin gidanmu ke nan, don kakana da sana'ar fata ya zo garin nan daga Kano, ni kuwa hannuna ya ƙi ta. Aka kai ni wurin Oga Yohanna, wani mutumin Numan, gajere mai kauri, wanda ya daɗe yana ja wa wani kamfanin hanya layi kafin ya buɗe shagonsa. Na je da sabuwar rigar aiki ina jiran a ba ni burushi, sai ya miƙo mini benci.

"Kai shi ƙarƙashin darbejiyar can," in ji shi. "Ka zauna tun safe har a tashi makaranta. Kada ka kalli mota. Ƙafa za ka kalla."

"Oga, fentin fa?"

"Yana nan. Ba inda za shi."

A rana ta uku ya tambaye ni inda yara ke tsallakawa. Na ce a bakin ƙofar makaranta mana. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in koma in ƙara kwana biyu. Sai a lokacin na gani. Ba mai tsallakawa a ƙofa. Gangarawa suke kamar taku ashirin, inda wani ya ɗora katako a kan kwata, kuma daidai wurin, a ɗaya hannun, wata mata tana suyar ƙosai. Shugabar makarantar ta nace a ja layi a ƙofa, don masu zuwa duba makaranta su gani. Oga ya ce mata, "Madam, ko dai layi ya bi yara, ko katako da ƙosai su bi layi. Ki zaɓi ɗaya." Aka roƙi mai ƙosai ta matso da kaskonta, aka zuba siminti a kan kwatar ƙofa, aka ɗauke katakon. Cikin mako guda yaran suka dawo ƙofa da kansu, ba wanda ya ɗaga musu bulala. Sannan muka ja layi.

Daga nan na fara gane cewa mai tafiya a ƙasa ba ya tsallakawa inda aka ce masa. Idonsa yana kan ƙofar da zai shiga, ƙafarsa kuma tana neman hanya mafi kusa. In akwai inuwa zai bi inuwa, balle a zafin garin nan da ke dafa tafin ƙafa ta cikin silifas. Mai kaya a ka tana son wurin da titi ke da dakali a tsakiya, ta tsallaka rabi, ta numfasa, ta sake dubawa. Tsoho yana neman inda zai hango nesa ta hannu biyu, ko da zai ƙara tafiya. Masu nono da ke shigowa daga Girei a jere suke tafe, ta gaba ce kaɗai ke duba hanya, sauran ƙwaryar da ke gabansu suke kallo. Kuma kusan kowa, in ya ga mai goyo ta shiga titi, sai ya raɓa gefenta, don ya san direba ya fi shakkar ta. Da damina ta faɗi duk wannan sai ya sauya, kududdufi ɗaya ya isa ya matsar da unguwa guda. Ba sai ka tambayi kowa ba. Ka duba inda ciyawa ta mutu, inda bakin dakali ya yi baƙi da dauɗar takalmi, inda aka lanƙwasa ƙarfen shinge har mai ciki za ta iya bi.

Akwai wani aiki a Yola Gari, kusa da kasuwa, da ya koya mini darajar tsintsiya. Oga yakan ce a share kwalta sau uku kafin fenti ya taɓa ta. Ran nan ya bar ni ni kaɗai, na share sau ɗaya, na ga ai ta yi. Kafin mako biyu fentin ya fara tashi kamar ɓawon albasa. Ya sa na kankare shi duka da guntun ƙarfe, 'yan kasuwa suna wucewa suna ce mini sannu da aiki. Sauran kayan kun san su. Igiya a turmusa ta cikin garin alli, mutum biyu su ja ta ta yi tauri, a ɗaga tsakiyarta a saka, ta bar maka layi miƙaƙƙe. Katako biyu su tsare bakin layin. Fentin hanya, ba na ɗaki ba, a sirka shi da tina, ruwan tsinka fenti, daidai, in ya yi ruwa taya ta lashe shi, in ya yi kauri ya tsage. Ganguna da jan ƙyalle na tare hannu ɗaya na titi. Ana farawa bayan sallar asuba, a gama kafin hantsi ya yi zafi, don in kwalta ta yi laushi fenti kumfa yake yi.

Masu ba da aiki kuwa, makarantu ne da coci-coci da masallatai da masu asibitin kuɗi. Wani likita ya taɓa kiran mu a hanyar Numan, yana so a ja masa layi a ƙofar asibitinsa. Titin miƙaƙƙe ne, tifofin yashi suna wucewa kamar an koro su. Oga ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce sai an fara yin tudun rage gudu.

"Likita," in ji shi, "layi ba ya tsayar da mota. Tudu ne ke tsayar da ita, ko kwana, ko ɗan sanda. Abin da layi ke yi kawai, cire wa mutum tsoro."

Likitan ya ce zai nemi wani. Muka kwashe kayanmu. Ranar har shago ban yi wa Oga magana ba, ina ganin ya zubar mana da aiki don taurin kai. Oga ya rasu kafin rikicin nan ya fara, ya bar mini ganguna da igiyarsa.

Sai abin ya zo. Aka hana acaɓa, keke mai ƙafa uku ya cika gari, shi kuwa keke inda ya ga dama yake sauke mutum, duk wuraren tsallakawa da na sani suka gurgusa. Aka jera ganguna cike da siminti a gaban kasuwanni da wuraren ibada, aka toshe wasu ƙofofi aka fasa wasu. Layukan da muka ja da yawa suka koma suna kai mutum ga bango. Abin da ya fi muni, mutane suka daina taruwa. Da, mutum goma za su tsaya su tsallaka tare, direba ya ga yawansu ya taka birki. Yanzu kowa in ya ga taro sai ya matsa, ya tsallaka shi kaɗai a guje. Daga nan aka yi gudun da kuka sani, mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo, wasu a ƙafa. Da yawansu daga ƙauyukan gindin dutse suke, inda mota ɗaya ke wucewa ran kasuwa.

A wannan shekarar ne wani dattijo ya shigo shagon nan, dogo, da farin gashi, rigarsa tsohuwa amma a goge. Ya gaishe ni, ya ce sunansa Bitrus, ya yi hedimasta a wajen Michika har ya yi ritaya. Shi da matarsa da wasu ɗaruruwan mutane suna zaune a wani ginin makaranta da ba a gama ba, a hanyar Girei, bayan an haye gadar kogi. Ba ruwa a ginin. Jauro, mai unguwar wurin, ya ba su izinin ɗiba a famfon burtsatse, amma famfon yana tsallaken titi.

"Malam Sale," ya ce, "an ce kai ne mai zebura. Mata da yara suna tsallaka hanyan nan tun safe har yamma. Shekaranjiya tifa ya taka jarkan wata yarinya, saura kaɗan da ita."

Na ce zan je in gani. Na ɗauki benci na je na zauna kwana uku. Titin hannu biyu ne, ba dakali a tsakiya, ba kwana, mota tana saukowa daga gada ta samu fili. Matan ba su da wurin tsallakawa ɗaya. Kowace takan tsaya ta daɗe, ta dubi hagu, ta dubi dama, ta sa ƙafa ta janye, wani lokaci har sau uku. In ta ga fili sai ta ruga, ruwan jarka yana zuba a bayanta. Abin ba kyan gani. Amma a kwana ukun nan ban ga mota ta kusanci ko ɗaya ba, saboda tsoro ya sa ba sa shiga sai hanya ta yi fayau.

Na ce masa, "Baba, wurin nan ba na layi ba ne. Sai da tudu biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. In babu, gara a bar su yadda suke."

"A bar su suna gudu kamar kaji?"

"Gudun ne ke tsare su."

Ya ce zai nemo izinin tudu. Ya yi kwana takwas yana bin ofis-ofis da takardar da ya rubuta da hannunsa. Ya dawo shago ƙafafunsa fari fat. An ce masa hanyar tsaro ce, motoci masu gaggawa suna bi zuwa arewa, ba za a sa musu tudu ba. Na ce to shi ke nan. Bai tashi daga kan benci ba.

"Ɗana, ka saurare ni," ya ce. "Mutanen nan sun baro gida, sun baro gona, sun baro kabarin iyaye. Tun daga can gudu suke. Yanzu ruwan sha ma sai da gudu? Ka ja mini layin. Ni zan zama tudun. Shekara talatin da biyar ina tsayar da makaranta guda da hannu ɗaya, mota ba za ta gagare ni ba."

Na ce masa a'a sau biyu. A na uku na ce to.

Ran Asabar da asuba na je. Na zaɓi wurin da ya fi kusa da famfo, inda ake hango hanya sosai. Na share sau uku. Na ja layi tara, na yayyafa garin gilas a kai don su yi ƙyalli. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Mutanen ginin suka fito suna kallo, wata tsohuwa ta kawo mini kunun gyaɗa a kofi. Da fentin ya bushe, Malam Bitrus ya jera su kamar 'yan aji ɗaya. Ya ɗaura jan ƙyalle a sanda, ya nuna musu: a taru a nan, shi zai shiga titi ya ɗaga sanda, in mota ta tsaya sai a wuce, a hankali, ba gudu.

Kuma abin ya yi. Kullum yana wurin daga safe zuwa hantsi, da la'asar kuma har magariba. Masu keke suka san shi, suna wucewa suna kiran "Hedimasta!" Direbobin tifa ma suka fara taka birki tun daga nesa. Bayan wata guda na biya na tsaya a gefe. Matan suna tsallakawa da jarka a ka suna hira, wata har tana gyara goyo a tsakiyar titi. Ba mai waiwayar hanya.

Na ce, "Baba, sun daina dubawa."

Ya yi murmushi. "Ai ni nake duba musu."

Ranar da abin ya faru, washegarin wata fashewa ce a cikin Jimeta. Gari ya kwana a tsorace, ana ta yaɗa cewa kada direba ya tsaya wa kowa a hanya, wai ana tare motoci. Ina da aiki a Girei, a kan hanyar dawowa da la'asar na ce wa mai keke ya sauke ni in gaida Malam. Ina biyan mai keke ke nan, na hango shi ya tara mata kusan goma sha biyar a bakin layi. Wata ƙaramar mota ta taho daga wajen gada, an ɗaure katifa a samanta. Tun daga nesa na ji ƙarar injinta ba ta sauka ba. Mu da muka girma a titi mun san wannan da kunne. Malam ya shiga layi na biyu, ya ɗaga sandarsa. Matan gaba suka ɗaga ƙafa za su bi shi. Na yi ihu. Ina jin shi ma a lokacin ya gane, don ya juya ya ba motar baya, ya buɗe hannu biyu ya tura matan. Biyu suka faɗi cikin kwata da jarkunansu. Shi bai samu komawa ba, motar ta buge shi.

Muka ɗauke shi a keke. Kafin mu haye gada ya cika.

Direban bai gudu ba. Ya tsaya a shingen jami'an tsaro na gaba ya miƙa kansa. Malamin makaranta ne shi ma, ya kwaso iyalinsa zai kai su ƙauye. Waɗanda suka gan shi sun ce kuka yake yana faɗin ya hango taro da mutum a tsakiyar hanya da sanda, ya ɗauka tare hanya aka yi.

Ran da aka binne Malam, mazan ginin da samarin unguwar Jauro suka fito da tsakar rana da diga da shebur. Suka ɗebo jar ƙasa da duwatsu, suka yi tudu biyu, manya, ɗaya ta kowane hannu. Ba su nemi izinin kowa ba. Motocin tsaro suka zo suka hau suka sauka, ba wanda ya ce a cire.

A kwana na uku na je gaisuwa. Matarsa, Mama Saratu, tana zaune a kan tabarma a lungun wani aji mara ƙofa, mata sun kewaye ta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa ba ta ɗago ba. Wata ta raɗa mata wani abu a kunne, sai ta dube ni.

"Kai ne mai fenti?"

"Ni ne, Mama."

"Ya gaya mini ka ce kada a yi."

"Na faɗa masa."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

"Shi bai san hanya ba," ta ce. "Makaranta ya sani. Kai ka sani. To me ya sa ka yi?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Jiran amsa take, sauran matan ma suna jira. Na duba tabarma. Ta gyara zanenta.

"Shebur ya ɓata layin," ta ce. "Ka zo ka gyara. Aikinsa ne. Yanzu akwai tudu."

Washegari da asuba na zo da kayana. Na wanke jar ƙasar da ruwa, na jira kwalta ta sha iska, na share, na ɗaura igiya. Na sake layi taran nan ɗaya bayan ɗaya. Gari ya waye, matan suka fito da jarkuna suka tsaya a bakin titi suna jira ya bushe. Motoci suna zuwa su rage gudu a tudun farko, su wuce a hankali kamar masu bin gawa. A duk rayuwata ban ja layi a wurin da ya fi wannan aminci ba.

Da na taɓa fentin na ji ya bushe, na mirgine gangunan gefe, na ce musu bismillah. Ta gaba ta dubi layin, daidai inda Malam ya faɗi, ta dubi hanya. Sai ta juya ta gangara kamar taku talatin, har ta wuce tudu, inda mota ke sake ɗaukar gudu. Sauran suka bi ta ɗai-ɗai. Ta tsaya, ta dubi hagu, ta dubi dama, ta sa ƙafa ta janye. Sannan ta riƙe jarkarta da hannu biyu, ta ruga.